Tururuwa a Cikin Nonon Inna

Da damanar shekarar da aka cire Kabi daga Sakkwato, wata Laraba da hantsi, ina tsugune bayan ɗakin Inna ina farautar tururuwa. Ban fi shekara tara ba. Garinmu tungar masunta ce a bakin ruwa, kusa da Wara. Inna ta haifi namiji da asuba, sai Goggo Hajo, yayar Baba, ta aike ni in kamo mai rai. Ta tatsi dakashin Inna, wato nonon farko mai kauri, a cikin ludayi, ta jefa tururuwar. Ta yi ta fafutuka har ta daina motsi. Goggo ta ce, "Kun gani? Nonon ga mugu na, yaro ba shi shan shi." Ko ni aka jefa cikin abu mai yauƙi haka, mutuwa zan yi. Babu babba ɗaya da ya faɗi wannan.

Daga ranar aikina ya ƙaru. Kafin in hura wutar bandar kifi, sai in ɗauki ƙwarya in ratsa gonakin gero, raɓa na jiƙa mini zane, in karɓo madara a ruga. Ƙawayena na carafke a gindin tsamiya, ni ina wucewa. Goggo ta sirka madarar da ruwa ta ɗura wa jaririn, tsakani kuma ruwan ɗumi zalla, wai a wanke masa ciki. Inna kuwa nono ya cika ya yi tauri, tana matse shi a ƙasa tana hawaye.

Kafin suna hannunsa ya fara rawa. Idonsa ya kafe sama, baki na motsi kamar mai tsotso, sai duk jikin ya ɗauki jijjiga. Aka ce mutanen ruwa ne suka taɓa shi. Aka turara shi har ɗaki ya turnuƙe, aka ƙara masa jiƙo. Da Baba ya dawo daga kamun kifi, Inna ta miƙe ta ce wa Goggo, "Yaya, ba ni ɗana." Mai jego ba ta fita, amma ta fita. Muka shiga jirgi, Baba na tuƙi, ina kwarfar ruwa, muka nufi Yelwa.

A asibiti aka ɗebi jininsa. Likita ya ce akwai gishiri iri-iri a jinin mutum, ba irin na miya ba, kuma da su jiki ke aiki. Yawan ruwa ya salamce ɗaya, madarar shanu ta kore wani. Suka sa masa magani ta jijiya, jijjigar ta tsaya, suka ce Inna ta ba shi nono. Ya kama, ya sha, bai mutu ba. Sai dai an makara, abin ya riga ya taɓa ƙwaƙwalwa. Goggo har ta koma ga Allah cewa take yi, "Ƙaddara ta." Na yarda da ƙaddara. Amma mutum ne ya ɗura masa ruwan nan.

Yanzu a tungarmu mace na haihuwa ake ɗora mata ɗanta a ƙirji, kuma duk gidan da na ga an nufi jariri da cokalin ruwa, ba na sallama kafin in ƙwace. Garba, ƙanen nan nawa, ya girma, yana wurina. Yana gyaran komar kamun kifi da hannu ɗaya da haƙora, yana dariya in jirage sun dawo. Har yau ban ji muryar da zai kira ni Yaya da ita ba.