Malam Jaji Ladan da Hoton Goge

Haihuwa da tasowa

An haifi Malam Jaji Yahuza a shekarar 1941 a wani ƙauye kusa da Miga, cikin ƙasar da yanzu ake kira Jihar Jigawa. Mahaifinsa Yahuza manomin gero ne mai 'yan awaki, mahaifiyarsa Gambo kuwa ta rasu tun ba a yaye shi ba. Ya yi karatun allo har izu biyar, sannan ya ajiye. Bai yi boko ba.

Koyon goge

A shekarar 1955 mahaifinsa ya aike shi kasuwar Kiyawa da akuya, a can ya ji kiɗan wani mutum da ake ce wa Idirisu Mai Goge, ya sayar da akuyar, ya ba wani ɗan garinsu saƙo, shi kuma ya bi makaɗin. Ya zauna a hannun Idirisu shekara takwas yana ɗaukar jaka, yana koyon rufe ƙwarya da fatar guza da zaɓen gashin wutsiyar doki, kafin a yarje masa ya taɓa gogen a gaban jama'a. Daga 1963 ya tsaya da ƙafarsa. Ya yi kiɗa a bukukuwan aure da wuraren gayya, ya kuma yi a wasu wuraren da ba a ambata a irin wannan rubutu. A gidansu ba a maganar waɗannan shekaru. Abin da aka samu a kansu, a bakin mutanen waje aka same shi.

Aure da iyali

A shekarar 1966 ya auri Talatu, 'yar wani malamin tsangaya a Kiyawa, bayan doguwar turjiya daga mahaifinta. Da aka haifi ɗansu na fari a 1968, surukin ne ya raɗa masa suna Sharhabilu, kuma yana cika shekara biyar ya ɗauke shi, ya ce jikansa ba zai tashi a gidan kiɗa ba. Malam Jaji bai hana ba. Mutum ne mai tsananin kunyar ɗan fari irin ta mutanen da: bai taɓa kiran sunan yaron ba, ba ya zama da shi tabarma ɗaya, ba ya doguwar magana a gabansa. Da yaron ya girma ya yi ilimi, sai uban ya riƙa ce masa "Malam" kamar kowa.

Tuba da ladanci

A shekarar 1983, lokacin da Sharhabilu ya sauke Alƙur'ani, aka gaya wa Malam Jaji kada ya zo walimar. Bayan walimar da mako guda ya fasa gogensa a ƙofar masallacin unguwa, a gaban liman da dattawa, ya bayyana tubarsa. Ya koma noma da ɗinkin hula. A 1992 ya bi ɗansa zuwa Dutse, suka zauna a Takur, inda Malam Sharhabilu ya buɗe Islamiyya, daga baya ya zama limamin masallacin unguwar. Da aka ji muryar tsohon, sai aka ba shi ladanci, jama'ar unguwa suka naɗa masa farin rawani. Ya riƙe aikin shekara talatin. Mutanen Takur ba su san shi da wani suna ba sai Baba Ladan.

Tafiyar Kiyawa

A shekarar 2007 ya je Kiyawa ɗaurin auren jikan Idirisu, ya tarar da maigidansa ya makance, yatsunsa sun ƙage. Bayanin abin da ya faru ya fito ne daga bakin Umaima 'yar Idirisu, kuma sai bayan rasuwar Malam Jaji ta faɗa, don ba wanda ya je ya tambaye ta kafin nan. Ta ce mahaifinta ya sa aka ɗauko tsohon gogensa, ya lalubo cinyar Malam Jaji ya ɗora masa, ya ce:

"Jaji, ɗan banza, an ce ka zama na Allah. To, madalla. Amma ni na kusa tafiya, kunnena kaɗai ya rage. Ka jiyar da ni abin da na koya maka, ko ka ce ban isa ba."

Malam Jaji ya ce, "Ka isa, Baba."

Ya kaɗa waƙa ɗaya a cikin zaure. Mai hoton biki ya leƙo ya ɗauka. Idirisu bai kai ƙarshen shekarar ba.

Fitowar hoton

A farkon 2022 aka kwashe shagon mai hoton bayan rasuwarsa, wani matashi ya tsinci hoton a cikin kwali, ya saka a wani shafin tsofaffin hotuna na intanet. Ga tsoho da farin gemu, goge a cinya, rawanin masallacin Takur a kansa, baki buɗe yana dariya. Babu wanda ya taɓa ganin wannan dariyar a gidansa.

Kafin la'asar hoton ya gama wayoyin unguwa. Wasu suka rubuta Allah ya shirya. Wasu suka ce ashe shi ya sa kiran sallarsa yake da zaƙi. Yara suka riƙa goga kara a hannu in ya wuce. 'Yan gidansa suka daina zama a majalisa, jikokinsa samari suka riƙa canza hanya don kada a gan su tare da shi. Haka aka yi. Ba a rage komai ba.

Kwamitin masallaci ya zauna, ya yanke cewa a ji ta bakinsa kafin a hukunta, ya kuma wakilta liman, wato ɗansa, bisa tunanin cewa hakan ya fi sutura. Wannan shi ne kuskuren. Da wani dattijo aka tura, da ya yi bayani. Malam Sharhabilu ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin mahaifinsa, ya miƙa waya, kowa yana kallon ƙasa.

"Baba, kai ne wannan?"

"Ni ne, Malam."

"Bayan tuba ne, ko kafin?"

"Ga rawani nan kana gani."

Liman ya jira ƙarin magana. Tsohon ya juya fuska bango. Washegari wani yaro ne ya kira azahar.

Ƙarshen rayuwa

Bai fasa jam'i ba, sai dai ya koma sahun ƙarshe, kusa da takalma. 'Yarsa Zakiyya ce kaɗai ta yi magana, ta tare yayanta a tsakar gida ta ce, "Yaya Malam, shekara talatin yana tashe ku salla, hoto ɗaya ya shafe? Wallahi ku ji kunya." Aka ce mata ta yi shiru.

A watan Sha'aban na 2023, da jikinsa ya yi nauyi, kwamitin ya sake zama, ya aiko dattawa biyu su roƙe shi ya karɓi kiran magariba a azumi. Ya yi musu godiya, ya ce, "Muryar ta tafi, Alhaji. Ku bar wa yaron, yana ƙoƙari."

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Laraba, cikin goman farko na Ramadan, 1444, yana da shekara tamanin da biyu. Malam Sharhabilu ne ya shiga gaba a sallar jana'iza. Ya yi kabbara ta farko da ta biyu. A ta uku murya ta ƙi fita, sahu ya tsaya yana jira, sai da na'ibi ya ɗaga daga baya aka ƙarasa. An binne shi a maƙabartar unguwa bayan la'asar.

Ya bar matarsa Talatu da 'ya'ya huɗu: Malam Sharhabilu, limami a Takur, Isah, direban Keke Napep a Dutse, Falalu, manomi a Miga, da Zakiyya, wadda take aure a Kiyawa. Ita ce ta wanke hoton, ta rataye shi a ɗakinta. Yayyenta suna zuwa gaishe ta, amma a tsakar gida suke tsayawa.

Allah ya jiƙansa, ya yafe masa. Mu ma ya yafe mana.