Baba Mai Lauje da Gogamasun Bayan Ɗakin Gwaji

Kafin ƙarfe bakwai Baba Mai Lauje ya riga ya jingine kekensa a jikin tankin ruwa, ya zauna yana wasa laujensa a kan dutse. Daga nan sai ya bi gefen azuzuwa yana yanke ciyawa har rana ta take. Shekara talatin da biyu ke nan yana wannan aiki a sashenmu na haɗa magunguna, ƙarshen watan nan kuma zai ajiye. Mu ɗalibai mukan wuce shi da farar rigarmu, gaisuwar ma sai wanda ya ga dama. Ina cikin waɗanda ba su cika ganin dama ba.

Binciken kammala karatuna a kan gogamasu ne, ciyawar nan mai ƙananan fararen furanni da ake goga wa ƙyasbi da makero. Na dubi hotonta a waya, na cika buhu a bakin hanya, na shanya, na niƙa, na tace. Wata biyu ina ɗiga ruwanta a farantan gwaji, ƙwayar cutar sai ƙara yaɗuwa take kamar taki nake zuba mata. Malamin da ke duba aikina ya ce saura mako shida, in babu sakamako sai in maimaita shekara. A gida yayana har ya fara cewa dama ya faɗa, karatun ya fi ƙarfina. Ban yi kuka a gaban kowa ba. Na sake cika wani buhun.

Ina baza shi a baranda sai Baba ya tsaya, ya ɗauki reshe ɗaya ya juya shi, ya tambaye ni me zan yi da wannan. Na ce gogamasu ce, da muryar da ke nufin ya kama gabansa.

"'Yata, wannan ko akuya kika ce wa gogamasu ce, sai ta yi miki dariya."

Na nuna masa hoton. Ya ce hoto ba ya ƙaiƙayi. Ya ja ni bayan ɗakin gwaji, wani lungu da bai taɓa yankewa ba, ko da yake shugaban ma'aikata ya sha yi masa faɗa a kai. Ya tsinko ganye ya murza, ya ce in goga a cikin hannuna. Nan take wurin ya ɗau zafi. Na goga tawa, shiru kamar ganyen latas. Ya nuna mini furannin da suka dunƙule a kowace gaɓa, da ɗan kwanson irin da murfinsa ke cirewa kamar hula, alhali na tawa tsagewa yake a tsaye. Ya ƙara da cewa ba a goga ta kusa da ido ko a fatar jariri, don tana ƙuna.

Ranar na ji labarin lungun. Mai shara ta ce da ganyen wurin makeron jikanta ya baje. Mai gadi ya zare hula ya nuna mini ƙeyarsa, wai da duk ƙyasbi ne. Wani malami ma ashe wurin Baba yake aikowa a asirce in zai koyar da ganye.

Na tace ganyen lungun Baba, na ɗiga a sabon faranti. Kwana tara bayan haka na buɗe farantin, na ga fili fes kewaye da inda na ɗiga ruwan, babu ƙwayar cutar. Zama na yi a ƙasa ina kallonsa. Da na gaya wa Baba, cewa ya yi to madalla, in matsa masa daga kan ciyawa yana da aiki.

Baba, kai ne malamin da ba a taɓa ba alli ba. Ka ga girman kaina, ka ƙi barina da shi in faɗi. Na sa sunanka a shafin godiya na bincikena sama da na kowa, an ce ba a haka, na ce to a fara daga kaina.

Na gode, Baba. Allah ya ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma da kuka san wani abu, ku tsaya ku faɗa kamar yadda ya tsaya, ko da wanda ke gabanku ya ɗaure fuska. Ni dai na ci jarrabawata, yayana kuma shi ya riƙe mini jaka ranar da aka yaye mu.