Na Fitar da Wayata daga Gandu

A gidanmu da wuya ka ji wani ya ce abu kaza nawa ne, in ba tabarmar salla ko kofin shan ruwa ba. Gona ta gandu ce, kowa ya shiga ya yi noma, hatsi ya tafi rumbu ɗaya. Amalanken jaki ma na gandu ne. Mabuɗin komai kuwa yana aljihun Yaya, babban wanmu, tun ranar da Baba ya kwanta dama. Saboda haka da manyan wayoyi suka cika Madarumfa, babu wanda ya ɗaga gira da Yaya ya je Maraɗi aka buɗe masa imel guda ɗaya, ya dawo ya ce na gida ne. Duk wanda ya sayi waya sai ya kai masa zaure. Ya juya maka baya don kada ka ga yatsunsa, ya saka imel ɗin da kod ɗin sirri, ya miƙo maka, ka ce ka gode.

Ni ma na kai tawa, da sunan madam ɗin lakwal, wato malamar makaranta, a kaina da komai. Kuma gaskiya abin akwai daɗi. Duk inda na shiga a intanet aka ce in buɗe kont, wato in yi rajista da sunana, sai in ga wani maɓalli yana cewa in shiga da imel ɗin da ke kan wayar. Ba sabon suna, ba sabon kod, danni ɗaya ƙofa ta buɗe. Da haka na shiga shafin da malamai ke karɓar darussan ƙarin horo, da wurin kallon bidiyo, da wata ma'ajiya inda ake aje sauti da takardu, da wasu tarkacen da na manta ma na buɗe su. Hotuna kuwa da kansu suke hawa cikin imel ɗin gida, na kowa a cakuɗe: shanun Yaya, ɗinkin matarsa, allon ajinmu. Sau ɗaya ne raina ya ɓaci, lokacin da aka sace wayarsa a kasuwar Gabi ya canza kod bai gaya wa kowa ba, gidan duka muka tashi a kulle, ba mai iya shiga imel ɗin. Na yi ƙunƙuni a madafa, na haɗiye.

Maigidana direban kamyo ne, babbar motar kaya, yana ɗaukar wake zuwa Najeriya ta Ɗan Isa. Abokin Yaya ne tun suna yara suna satar zuwa tabki kamun kifi, ta nan ma ya gan ni. Ba shi da haƙurin rubutu, sai dai ya danna waya ya yi magana. Duk tafiya sai saƙon muryarsa ya zo, ga ƙarar inji a baya. Ya ce sun tsallaka iyaka lafiya. Ya ce a aje masa tuwo kada a ba kaji rabonsa. Ya yi wa ɗiyarmu waƙar banza da ya ƙirƙira a hanya, wadda ba kai ba gindi. Zazzaɓi ne na ƴan kwanaki ya ɗauke shi, yarinyar ba ta ma iya faɗin sunansa daidai ba tukuna. Da na gama takaba na komo gidanmu da ita. Wayata tsohuwa ce, cikinta ya cika, sai na kwashe muryoyin duka na zuba a waccan ma'ajiyar, hotunansa da bidiyonsa kuma dama suna cikin imel ɗin gida. Ban bar kwafi a ko'ina ba, domin a ganina abin da ke gandu ai yana gida.

Bayan girbin gero sai wani jan rubutu ya fara fitowa a wayoyinmu duka, wai wurin ajiya ya cika. Wata ranar Talata da la'asar ina wankin kwanuka, Yaya ya shigo tsakar gida ya yi sanarwa, kamar yadda yake sanar da ranar buɗe rumbu.

“Rumbun wayag ga ya cika. Ran Juma'a in mun sauko masallaci zan share tsohin kaya duka.”

Na ce, “Yaya, har da na marigayi?”

Bai dube ni ba. Ya ce, “Da su zan hwara. Wanda ya tahi addu'a yake so, ba kallo ba. A bar bawan Allah shi huta.”

Ya fita abinsa. Na tsaya da soso a hannu. Na san addu'a, ina yi masa safe da yamma, ban buƙaci a koya mini ba. Amma yarinyar nan za ta girma ta tambaye ni yadda ubanta yake magana, in ce mata me? In ce kawunki ya share don a sami wurin hoton shanu?

A gidanmu ƙanwa ba ta ja da wanta baki da baki. Sai dai ta kai kuka wurin Inna, Inna ta lallaɓa shi bayan sallar magariba, a sami abin da aka samu. Na gwada hakan kuwa. Inna ta ce in yi haƙuri, babba ne, ya fi ni hangen nesa. Na ce to. Wannan to ɗin ban yi shi da zuciya ɗaya ba.

Washegari a lakwal na ba wata abokiyar aikina labari, mace mai kaifin baki da ta yi karatu a Yamai. Ta karɓi wayar ta duba, ta riƙe baki. Ta nuna mini cewa ba hotunan kaɗai ba ne a hannunsa. Ma'ajiyar muryoyin ma, tunda da imel ɗin gida na shige ta, duk mai wannan imel zai iya shiga ya yi yadda ya ga dama. Haka darussana, haka komai. Ta ce mafita ɗaya ce: in buɗe imel nawa na kaina, in kwashe hotunan, sannan in bi kowane kont ɗaya bayan ɗaya in raba shi da imel ɗin gida, in ba shi kod ɗinsa daban.

Imel da hotuna ba su ba mu wahala ba, sai dai rezo, wato sabis ɗin waya, da ke zuwa yana tafiya, muka yini muna ɗaga waya sama a gindin itacen bedi. Da muka zo kan raba kont na farko sai abin ya tsaya. Kafin a yarda in sa sabon kod, sai an aika wasu lambobi don a tabbatar mai shi ne ke nema. Lambobin kuwa wayar mai imel suke zuwa. Abokiyar tawa ta ce in bari ya shiga wanka in ɗauki wayarsa in duba. Na ce a'a. Muryar mijina ce, ba zan sace ta kamar kayan wani ba.

Ranar Alhamis da na taso daga aiki ban cire mayafi ba, na nufi zaure. Yaya yana zaune da abokansa ƴan kasuwa suna shan shayi. Mace ba ta zama a nan, wucewa take yi da sallama, kai a ƙasa. Na yi sallama, na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na gaishe su. Sannan na gyara zama a bakin tabarma na fito da waya.

“Yaya, wani saƙo zai shigo wayarka yanzu. Lambobi ne. Ka karanta mini.”

“Lambobin mi?”

“Zan hidda wayata daga imel ɗin gida.”

Mai zuba shayi ya tsaya da buta a sama. Yaya ya yi wata dariya ta gefen baki ya ce, “Madam, rabon gado kika zo yi?”

Na ce, “A'a, Yaya. Gandu yana nan, kuma bana ma da ni aka yi noman. Gayaunata nike so.”

Ko a ƙauye an san mace tana da ɗan filinta na kanta a gefen gonar gida, abin da ta noma a ciki ba mai tambayarta. Ɗaya daga cikin baƙin ya yi gyaran murya ya ce wannan kam gaskiya ta faɗa. Na san ba don ni ya faɗa ba, son ganin ƙarshen wasan yake yi. Wayar Yaya ta yi ƙara. Ya dube ta, ya dube ni. In ya hana ni a gaban mutane, za a ce me yake nema a wayar bazawara ƙanwarsa. Na san da haka kafin in zo, kuma ba na jin kunyar cewa da gangan na zaɓi lokacin shayi. Ya karanta lambobin a daƙile, kamar ana cire masa haƙori.

Da ma'ajiyar muryoyin na fara. Na sa sabon imel, na juya masa baya yadda yake juya mana, na rubuta kod ɗina. Sai na ce saura. Na danna na biyu, wayarsa ta sake ƙara. Haka muka yi ta yi. Baƙin suka sha shayinsu har zagaye na ƙarshe suka ƙi tashi. Ƙafata ta yi sanyi, rezo ya ɗauke ya dawo, wasu lambobin suka mutu kafin ya gama karanta su don jan rai, na sake nema. Wurin kallon bidiyon nan ya ƙi rabuwa sam, duk dabarar da na yi sai ya maida ni imel ɗin gida. Na bar shi da duk abin da na tara a ciki, na ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Da aka kira magariba na tashi na ce na gode, Yaya. Ya mayar da wayarsa aljihu.

Kada wani ya ce muku ƴancin nan ba shi da wahala. Da can danni ɗaya ne, yanzu kowace ƙofa da nata kod, kuma abokiyar aikina ta hana ni maimaita guda a wuri biyu. Na haddace su yadda muka haddace surori muna yara, ina tankaɗe ina bita a zuci. Na taɓa mance na shafin darussa ana gobe jarrabawa, na yi ta zagin kaina har na samu aka sabunta mini. Amma wannan karon lambobin wayata suka zo, a cikin jakata, ban durƙusa wa kowa ba.

Ranar Juma'a Yaya ya yi shararsa kamar yadda ya ce. Ya daina yi mini magana sai gaisuwa, Inna ta ce na kunyata shi a gaban baƙi, matarsa ta riƙa kallona kamar na fasa tukunyar gado. Na ci tuwona na ƙoshi. Ƙannena biyu suka zo a ɓoye suna tambayar yadda ake yi, na ce su je zaure da ƙafarsu, ni na yi nawa.

Sai da sanyi ya shigo sosai, wata safiya ina shirin fita lakwal, na ji sallamarsa a ƙofar ɗakina. Yaya ba ya zuwa ɗakin kowa, kiranka yake yi. Ya tsaya yana gyara hular da ba ta karkace ba, ya tambayi jikin yarinya alhali lafiyarta ƙalau. Can ya ce, wai dama wayar nan tasa ta saba kowace safiya ta fito masa da tsohon hoto ta ce ya tuna da wannan rana. Kusan kullum fuskar abokinsa ce. Ya tashi salla, ya ɗauki waya don duba lokaci, sai ga mutumin yana dariya a jikin kamyo. Bai san yadda ake hana ta ba, kuma babba ba ya tambaya.

“Na share don in huta,” in ji shi. “To yanzu kuma ba ya zuwa.”

Na ji tausayinsa, har idona ya kawo ruwa. Amma na kuma ji haushi sabo, domin da ya faɗi haka tun farko, da abokiyar aikina ta kashe masa abin nan kafin shayi ya tafasa. Ya gwammace ya shafe uban yarinya da ya ce bai sani ba.

Ya ce, “Cikin muryoyin nan akwai wadda ya yi maganar tabki? Ya ce mini ya taɓa aiko maki.”

Akwai. Na san ta, wadda yake ba ni labarin ranar da su biyun suka kifar da kwalekwalen mutane suka sha bulala. Na shimfiɗa masa tabarma, na juya baya na sa kod ɗina. Ya miƙo hannu don ya karɓi wayar, yadda ya saba karɓar komai a gidan nan.

Na ce, “Zauna, Yaya. Ni zan riƙe.”

Ya dube ni, ya janye hannun, ya zauna. Na kunna masa, ƙarar inji ta cika ɗakin, sannan muryar ta fito tana dariya tun kafin ta fara labarin. Yaya ya sunkuyar da kai ya rufe fuska da hannun riga. Da ta ƙare ya ce in sake, na sake. Ranar na makara zuwa lakwal, kuma wayar ba ta bar hannuna ba.