Karen da Ya Ci a Hannuna

Ni mahauci ne ɗan mahauci, a Tudun Wadan Zariya aka haife ni. Ba ni da arziki, amma ban taɓa kwana da yunwa ba, kuma ba wanda ya taɓa nuna ni da yatsa. Ana nan sai wani ubangidana ya sama mini aikin kai wa karnukan gadi nama a wani barikin soja.

Mai kula da karnukan Kofur Ishaya ne, mutumin Wusasa, mai fara'a, amma in aka zo kan aikinsa ba ya wasa. Tun ranar farko ya ja mini kunne. Ya ce, "Malam, ka ajiye nama a bakin ƙofa ka juya. Karen gadi ba ya ci a hannun kowa sai nawa." Na ce to, a raina ina dariya. Kare ne fa.

Da rage nama na fara, ina kaiwa gida. Da na ga ba wanda ya lura, sai idona ya kai kan siton da ake ajiye batiran motoci. Da rana wani ƙaton kare mai suna Guguwa ake ɗaurewa a ƙofarsa. Na shiga jefa masa hanta duk lokacin da Ishaya ya juya baya. Da fari gurnani yake mini, a hankali ya koma kaɗa wutsiya.

Wata Juma'a, mutane sun tafi masallaci, Ishaya yana can yana wanke sauran karnukan, na wuce ta gaban Guguwa na loda batira a baro, na rufe da buhun nama. Ko haushi bai yi ba.

Shirun karen nan shi ya ɗaure Ishaya. Manya suka ce tunda kare bai yi haushi ba, da hannun mai kare. Aka kulle shi, ana maganar korarsa babu fansho. Kullum ina haɗuwa da matarsa a bakin ƙofar bariki da kwanon abinci. Ta ce, "Malam, a sa mu a addu'a." In ce, "Allah ya bayyana gaskiya," in wuce ina jin kunyar kaina.

Ishaya ne ya roƙa a jera duk farar hular da ke shiga wurin, a kawo Guguwa. Aka jera mu cikin rana, ni da mai wanki da masu shara. Aka fito da Ishaya daga kulle, aka kawo Guguwa. Karen ya zabura wa mai wanki har sarƙa ta yi ƙara, ya yi wa na kusa da ni gurnani. Ban taɓa roƙon Allah kare ya cije ni ba sai ranar. Da ya iso gabana sai ya kwanta, ya hau lasar hannuna. Ishaya ya zuba mini ido, nan take aka kama ni.

A gidan yari na riƙa lallashin kaina cewa aƙalla kamuna ya wanke shi. Da na fito na neme shi, na tarar yana gadin wani shago a Kwangila, ya rame. An wanke shi daga sata, amma an sallame shi saboda sakaci. Na durƙusa na nemi gafara. Ya ce, "Tashi, Malam, na yafe." Na tambaye shi labarin Guguwa. Ya ce, "Sun ce ya lalace. Ni suka sa na riƙe sarƙar lokacin da za a harbe shi."

Na tuba, na koma fawata. Ku matasa, in zuciya ta ce ku ɗauki abin da ba naku ba, kada ku tsaya lissafin ko za a kama ku. Ku tambayi kanku wa zai biya. Ni na gama zaman kasona, Ishaya har yau yana bakin shagon nan.