Jeren Maigida a Bayan Mota

A shekarun da maigidana yake aikin masaƙa a Challawa, muna zaune a Panshekara, ya sayi wata tsohuwar mota mai ƙusumbi kamar kunkuru. Injinta a baya yake, kuma ba ya shan ruwa, iska ce take sanyaya shi. Abokan aikinsa da suka saba da manyan motocin kamfani sai su buɗe gaba su tarar da tayar safaya, shi kuwa yana gefe yana murmushi.

Duk ranar Lahadi da hantsi sai ya ɗaga murfin bayan, ya ja kujerata 'yar tsugunno ya zauna da tsumma. Ƙarfen da bel yake zagayawa ya sha jan fenti, siraran bututun kuwa da toka da lemon tsami yake goge su har sai sun ɗauki ido. Gaskiya abin yana da kyau, ɗan dunƙulalle, ga wayoyi huɗu sun rabu biyu-biyu kamar kitso.

Wannan mutumin ne fa yake yi mini tsiya a kan kwanukan jerena, wai ina ɓata yini wajen goge abin da ba a cin tuwo a ciki.

Rannan na kai masa kunu, na tsaya ina kallo. Ya ce, "Kin ga aiki ko?"

Na ce, "Na gani, Malam. Jerenka har ya fi nawa kyau. Sai dai ni kwanukana ba a taɓa tara maƙwabta da sassafe don a tura su ba."