Dakta Rebecca Ishaya Didam da Labarin da Aka Ɓoye Mata

Haihuwa da karatu

An haifi Rebecca a unguwar Makera da ke kudancin Kaduna ranar uku ga watan Oktoba, 1967. Mahaifinta, Malam Dogara Kazah, mutumin Zonkwa ne da aikin masaƙa ya kawo Kakuri, mahaifiyarta kuwa, Mama Ladi, hatsi take sayarwa a kasuwa. Ta yi firamare a Makera, ta yi sakandaren 'yan mata, sannan ta wuce Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda ta kammala digiri a fannin kimiyyar ƙananan halittu a 1990.

Aiki da aure

A 1992 ta kama aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Kakuri, tare da Malam Zakariyya'u Lawal na Tudun Wada, wanda ya zama aminin gidanta. A nan ta fara ganin sankarar jini a ƙarƙashin madubin gwaji. Takan ce babu abin da ke ƙona mata rai kamar ta rubuta sunan cutar a takarda, alhali ta san babu wani abin kirki da zai biyo bayan rubutun.

A 1993 ta auri Malam Ishaya Didam, malamin lissafi, shi ma ɗan Zonkwa, mutum mai sanyin hali da ƙarancin magana. Suka gina gida a Narayi tun gonaki sun fi gidaje yawa. Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku.

Shekarun waje

A 2004 ta samu gurbin ƙaro ilimi a Amurka, da niyyar yin shekara biyu. Shekara goma sha biyar ta yi. Bayan digirin digirgir, wani ɗakin bincike ya riƙe ta a kan wata sabuwar hanyar magance sankarar jini: a ɗebi jinin majiyyaci, a tace fararen ƙwayoyin da ke yaƙar cuta, a dasa musu wani ɓangare na sinadarin garkuwar jiki da ake kira antibodi, mai gane ƙwayar sankara, a rene su har su yawaita, sannan a mayar da su jikin mai su, su yi farauta. Renon nan ne aikinta, kuma takan kwatanta shi da kiwon 'yan tsaki, domin ba a barinsu a tafi. Da ta gama na wani majiyyaci, na wani ya iso.

Malam Ishaya ya ƙi barin ɗalibansa da tsohuwarsa, don haka shi ya riƙe yara. Takan zo Kirsimeti bayan shekara bibbiyu, kowace Lahadi kuma bayan sujada sukan yi waya. Tambayoyinta ba sa canzawa: ko an yi ruwa a Narayi, ko acca ta shigo kasuwar Sabon Tasha, wa ya ba da waƙa a Zumuntar Mata. Kewar gida ta ci ta ƙwarai, ba ta kuma ɓoyewa. Kullum kalmarta ga mijinta ita ce: “Baban Kevin, saura kaɗan.”

Rashin lafiyar mijinta

A tsakiyar 2018 kaluluwa ta fito wa Malam Ishaya a wuya, ya soma rama. Malam Zakariyya'u ne ya fara duba jininsa, gwaje-gwajen da suka biyo baya suka tabbatar da irin sankarar da matarsa ke aiki a kanta. Malam Zakariyya'u ya roƙe shi a sanar da ita a ranar. Malam Ishaya ya ƙi, har ya sa shi ya yi alkawarin yin shiru. Hujjarsa ita ce wadda kowa ya tashi ya tarar a gidajenmu, cewa ba a aika wa na nesa mummunan labari, don kada hankalinsa ya tashi a inda ba shi da kowa. Ya ƙara da cewa akwai rayukan mutane a hannunta. Dangi suka goyi bayansa, 'ya'ya suka bi umarni.

Wata tara ana gaya mata ciwon shawara ne da zazzaɓi. Ya daina kiran bidiyo, wai wayarsa ta lalace. Kaico! Mace tana can tana renon magani domin mazan wasu, nata mijin yana nan yana ƙarewa, kuma duk wanda ya ɓoye mata, don ƙauna ya yi. Malam Ishaya ya rasu ranar Alhamis, 14 ga Maris, 2019. Ko a lokacin, ce mata aka yi jikin ya matsa, ta zo. Rumfunan zaman makoki da ta hango a ƙofar gida su suka faɗa mata gaskiya.

Dawowa gida

Ba ta koma Amurka ba. Ta sha faɗa cewa ba ta da tabbacin maganin zai cece shi, tun da ba kowa yake yi wa aiki ba, amma an hana ta ko gwadawa. Ta yi shekara guda ba ta amsa gaisuwar Malam Zakariyya'u, daga bisani suka shirya, suka riƙa koyar da matasan ma'aikatan gwaji yadda ake gane sankarar jini da wuri. Ta yi ta fafutukar kafa ɗakin renon ƙwayoyin a Kaduna, rashin tsayayyar wuta da kayan aiki suka hana, burin bai cika ba. A tarukan mata kuwa ba ta gajiya da gargaɗi: “Ku faɗa wa na nesa. Ku bar shi ya yi kukansa a kan lokaci.”

Rasuwa

A Disambar 2023 cutar ƙoda ta kwantar da ita. A lokacin autarta, Lizzy, tana shekarar ƙarshe ta karatun likita a Indiya. Ɗanta Kevin ya ɗauki waya zai kira ƙanwarsa, Dakta ta riƙe masa hannu, ta ce a bari yarinya ta gama jarrabawa tukuna. Da ya tuna mata gargaɗinta, sai ta ce yanzu ne ta fahimci babansu. Wata biyar ta yi tana gaya wa Lizzy a waya cewa gajiya ce kawai.

Dakta Rebecca ta rasu ranar Alhamis, tara ga Mayu, 2024, tana da shekara hamsin da shida. An yi sujadar ban kwana a Narayi, aka binne ta ranar Asabar, 18 ga wata, a Zonkwa, kusa da mijinta. Ta bar 'ya'ya uku: Kevin, injiniya a Kaduna, Edith, malamar makaranta a Sabon Tasha, da Lizzy, wadda ta ci jarrabawarta, ta iso gida ranar jajibirin jana'iza da tsarabar zane da ta sayo wa mahaifiyarta. Allah ya ba ta hutawa, ya ba su haƙuri.