Bangon da Ya Ɗau Zafi

Mai Testa ake ce masa, domin ko gaisuwar mara lafiya zai je, ƙaramar testarsa ta gwada wuta mai jan kai tana maƙale a aljihun gaba. Ya fi shekara talatin yana jan wayar wuta a gidajen mutane, kuma kowa ya san shi da taurin kai. Idan mai gida ya ce a ƙara masa soket, sai ya sha karatu tukuna. Wayar soket ɗin gida kamar zobe take, in ji shi, ta fito daga akwatin wuta, ta zaga ɗakuna, ta koma inda ta fito. Ana iya cire reshe daga jikinta, amma reshe ɗaya soket ɗaya yake ɗauka, mai baki ɗaya ko biyu. Wanda ya matsa a ja wani daga jikin reshen, sai ya naɗe jakarsa ya ce a nemi wani.

Sau ɗaya tak ya karya dokar nan, a gidan 'yarsa ta fari. Ranar da suka tare, kaya na ta shigowa, ta ce soket ɗin kicin bai ishe ta ba. Ya cire reshe, ya ja na biyu daga jikinsa, ya ƙara na uku. "Na wucin gadi ne," ya ce mata, "mako mai zuwa zan dawo in sa fis." Kafin makon ya zagayo ciwo ya kwantar da shi. Ya tashi da rawar hannu, ya ajiye aiki, maganar ta fita daga ransa har shekara huɗu.

Wata Asabar da hantsi ya kai musu ziyara. Yana zama a falo hancinsa ya jiyo wani wari, kamar ƙarnin kifi gauraye da ƙonanniyar roba. Ya san warin nan. Daga kicin yana jin injin wanki na juyi, butar lantarki na tafasa, ga 'yarsa tana guga tana ba shi labari. Jikarsa 'yar wata bakwai tana barci a katifa, kanta a jikin bangon da ya raba falo da kicin.

Ya miƙe da ƙyar ya ɗora tafin hannu a bangon. Zafi ne kamar goshin mai zazzaɓi.

"Ɗauke yarinyar nan! Ɗauke ta!"

"Baba, lafiya?"

"Ki ɗauke ta na ce, ki kashe wutar gidan gaba ɗaya!"

Ta suri yarinyar, ta taka kujera ta ja babban makunnin akwatin wuta ƙasa. Gidan ya yi tsit, sai kukan jaririya.

Surukinsa, mijin 'yar, shi ne ya kwance soket ɗin farko, don hannun tsohon ya kasa riƙe sukundireba. Robar bayan ta narke ta yi baƙi, wayar ta ƙone har tagullar ta fito, katakon kabad ɗin da ke gefe ya fara gasuwa.

"Me ya sa bireka ba ta faɗi ta yanke wutar ba?" in ji surukin.

"Wuta mai ƙarfin amp talatin da biyu take jira," Mai Testa ya ce. "Zobe waya biyu ke raba masa nauyi. Reshe waya ɗaya ce, za ta dahu a cikin bango bireka ba ta sani ba."

"To wane mugun ne ya yi wannan aiki, Baba?"

Ya daɗe yana kallon katifar. "Ni ne," ya ce.

Ya kira Dogo, tsohon abokin aikinsa, wanda ya iso kafin azahar. Suka zare ƙonanniyar wayar, suka shigar da soket ɗin injin wanki cikin zoben kai tsaye, sauran biyun suka sa musu fis mai amp goma sha uku a gaba, yadda in kaya ya yi yawa fis ɗin zai yanke kafin waya ta ji jiki. Dogo ya gwada sau biyu, Mai Testa ya ce a sake.

Da aka kunna wuta ya ƙi tafiya gida. Ya ja kujera ƙofar kicin ya zauna, yana sauraren motsin injin wanki. 'Yarsa ta kawo masa ruwa, rabinsa ya zube a ƙasa kafin ya kai baki.

"Baba, ya wuce fa. Allah ya kiyaye."

Ya gyaɗa kai, amma sai da wankin ya ƙare ya yarda aka mayar da jikarsa falo, kuma shi ya nuna inda za a shimfiɗa katifar, can kusa da taga.